Inda Jirgin Ruwa Yake Hawan Tudu

Wanda duk aka gaya wa cewa jirgin ruwa yana hawan tudu, zai ɗauka tatsuniya ake yi masa. Amma kuwa abin da yake faruwa ke nan a tudun Caen, kusa da garin Devizes a kudancin Ingila, musamman da bazara, lokacin da mutane suke ɗaukar hutu su yi hayar jirage su shiga yawo da iyalansu.

Hanyar ruwan da ta ratsa wannan tudu haƙa ta aka yi, domin a haɗa birnin Biristol da kogin Thames. An gama aikin a 1810 bisa tsarin injiniya John Rennie. Da yake ruwa ba ya kwanciya a kan gangare, sai aka gina masa matakala, watau jerin ɗakunan ruwa 29, kowanne da ƙyamare gaba da baya. Cikin tafiyar mil 2 kacal, jirgi yakan hau ƙafa 237.

Ga yadda abin yake. Jirgi ya shiga ɗaki, a rufe ƙyamaren baya. Sai wani ya sauka da ƙarfen murɗawa, ya buɗe kafofin da ke gaba, ruwan sama ya riƙa kwararowa, jirgin yana tasowa sannu a hankali har ruwan ciki ya yi daidai da na gaba. Kafin nan, ko ƙarti goma ba su iya ture ƙyauren, saboda nauyin ruwa. Da zarar ya daidaita kuwa, yaro ma sai ya jingina bayansa da gungumen ya buɗe shi. Haka za a yi ta yi, ɗaki bayan ɗaki, awa biyar ko shida kafin a kai ƙarshe. Hutu ne da sunansa, amma mai riƙe da ƙarfen nan ya san ya yi aiki. Mai gaggawa dai ba wurinsa ba ne, gama doka ba ta yarda a wuce mil 4 cikin awa ɗaya ba.

Dā dawaki ne suke jan jiragen, ɗauke da kwal da duwatsun gini. Da jirgin ƙasa ya zo sai kasuwa ta mutu, har kamfanin reluwe ya saye hanyar a 1852, daga baya ta cushe da ciyawa. Masu aikin sa kai ne suka yi shekaru suna yashe ta, Sarauniya Elizabeth ta sake buɗe ta a 1990.

Babbar matsalar ita ce ruwa. Kowane jirgi ya wuce, dubban galan-galan sun gangara ƙasa ke nan, ga shi lokacin da jirage suka fi yawa shi ne lokacin da tafkunan ajiya suke ja baya. Saboda haka ake roƙon matafiya su jira juna, jirage biyu su shiga ɗaki ɗaya. A bazarar 2022 fari ya sa an rufe wasu sassan hanyar da ta haɗa Leeds da Liverpool, jirage suka yi makonni a ɗaure. A tudun Caen kuwa, tun 1996 aka kafa injin da yake tura ruwan da ya gangara ya koma bisa tudu.