Sunan Etheldreda: Asalinsa da Yadda Baki Ya Sarrafa Shi

Cikin sunayen matan Ingila akwai wani wanda ba a cika jin sa ba, watau Etheldreda. Ya cancanci nazari domin yana nuna yadda suna guda kan rabu, marubuta su riƙe siga ɗaya, bakin jama'a ya bi wata.

Asalinsa daga tsohon Ingilishi ne, Æthelthryth, kalmomi biyu a haɗe: "æthel", mai martaba, da "thryth", ƙarfi. Wadda ta shahara da shi 'yar Anna ce, sarkin Angiliya ta Gabas. Ita ta kafa gidan ibada a Ely cikin 673, ta rasu cikin 679, Kirista suka ɗauke ta waliyya. Malamai masu rubutu da Latin suka daidaita sunan ya zama Etheldreda. Talakawa kuwa suka yi ta tauna shi har ya koma Audrey, kamar yadda Hadizatu kan koma Dije a bakinmu.

A nan ne abin lura yake. Masanin tarihi Bede ya ruwaito cewa ƙari ya fito mata a wuya, ta ce sakamakon tsakiyoyin da ta yi ado da su ne a ƙuruciya. Daga baya aka riƙa sayar da wani zaren ado na wuya a kasuwar bikinta a Ely, ana kiransa da sunan Saint Audrey. Da yawan faɗa, harafin "t" na ƙarshen kalmar farko ya manne wa ta biyu, aka sami "tawdry". Zuwa ƙarni na 17 ma'anarta ta zama kaya masu ƙyalli marasa daraja. Sunan da tushensa martaba ne ya haifi kalmar raini.

Irin wannan gocewar iyakar kalma ba baƙuwa ba ce ga Hausa. "Al" ta Larabci ta manne cikin alƙali da alƙalami, har mai magana ba ya jin ta a matsayin wani abu dabam.

A ƙarni na 19 Turawan Ingila suka farfaɗo da tsofaffin sunayensu. Ethel ya yaɗu, Audrey ya biyo baya a ƙarni na 20, amma Etheldreda ya tsaya ga 'yan gidaje kaɗan. Malamin da ke koyar da asalin kalmomi zai sami misali a nan: siga ta littafi ba ita kaɗai ce shaida ba, sai an bi sawun abin da baki ya yi.