Ido da Jinjirin Wata

Duk ranar 29 ga Sha'aban, da an idar da sallar magariba, za ka ga manya da yara sun yi cirko-cirko suna duban yamma. Can sai wani ya ɗaga yatsa ya ce ga shi can. Azumin gari guda yana iya rataya a kan wannan yatsa, saboda haka ya kamata mu san yadda ido yake aiki.

Malaman tarihi sun kawo labarin Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, sa'ad da ya tsufa a Basra. Jama'a sun fita duban wata, ya ce ya gani, amma ba wanda ya gani sai shi. Alƙali Iyasu ɗan Mu'awiya ya lura da wani farin gashin gira da ya lanƙwaso a kan idon dattijon. Ya sa hannu ya gyara shi, ya ce a sake dubawa. Anas ya duba, ya ce yanzu ba ya ganin komai. Sahabi ne, mai gaskiya ne, ba wanda ya tuhume shi da ƙarya. Farin abu lanƙwasasshe ya gani da gaske, zuciya ce ta raɗa masa suna wata.

Wani ɗan Basra, Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayanin wannan a Kitabul Manazir. Ya tabbatar da cewa haske ne yake shigowa ido daga waje, sa'an nan hankali ya yanke hukunci da gaggawar da mai gani ba ya ma lura. Dubi wata daren sha huɗu: yana fitowa kamar faifai, in ya yi sama sai ya ƙanƙance. Miƙa hannunka, ƴan uwa su shaida, farcen ƙaramin yatsa zai rufe shi a duka wuraren biyu.

Jinjiri kuwa ya fi wuya. Mafi ƙuruciyar wanda aka tabbatar an gani da ido tsura yana da awa 15 da rabi bayan haɗuwarsa da rana, a 1990. Wani binciken Amurka da aka buga a 1994 ya nuna kusan 15 cikin 100 na masu duba sukan ce sun gani a daren da ganin ba zai yiwu ba. Ga hazo, ga siririn gajimare, ga hayaƙin jirgin sama, ga Zara, ga kuma ɗokin azumi, wanda a ganina ya fi su duka ƙarfi.

Shi ya sa mai karɓar shaida yakan tsananta tambaya. A wane waje ka gan shi, dama da mafaɗar rana ko hagu? Ina ƙahonninsa suka fuskanta? Cikar jinjirin gaske kullum tana wajen da rana ta faɗi, ƙahonnin suna ba ta baya.