Ƙwallon Tebur: A Ba Sabon Shiga Wuri

Da yamma, in rana ta yi sanyi, mukan ji ƙas-ƙas-ƙas daga zauren matasa ko gindin wata bishiya a unguwa. Ƙwallon tebur ake bugawa. Samari biyu suna ta gumi, 'yan kallo suna ta sowa. Amma mu duba can jikin bango. Ga wani yaro tsaye, tun la'asar yake jira. Da layi ya zo kansa, cikin minti biyu aka cinye shi 11 da 1, aka yi dariya, ya koma bango. Gobe ba za mu gan shi ba.

Ina laifin yake? Yana cikin al'adarmu ta cewa wanda ya ci shi ne zai tsaya, wanda aka cinye ya ba da wuri. Ta haka gwani yakan buga har magariba, mai koyo kuwa sau ɗaya tak. Wato wanda ya fi bukatar teburin shi ne ya fi ƙarancin samunsa. Tun shekarar 2001 kuma aka rage wasa daga ci 21 zuwa 11, sai rabon mai koyo ya ƙara gajarta.

Wannan hasara ce, gama wasan ba ya zaɓen mai ƙarfi. Ƙwallon bai kai giram 3 ba, tsayin ragar kuma bai wuce santimita 15 da 'yan kai ba. Yarinya 'yar shekara takwas tana iya karawa da kakanta. A Ingila aka fara shi wajen ƙarshen ƙarni na 19, a matsayin wasan cikin gida bayan cin abinci, kafin ya shiga wasannin Olimfik a 1988. Ƙasarmu ma ta yi suna a ciki. Segun Toriola ya je Olimfik sau bakwai, daga 1992 zuwa 2016. Funke Oshonaike, mace, ita ma sau bakwai ta je. Aruna Quadri, mutumin Oyo, shi ne ɗan Afirka na farko da ya kai cikin takwas na ƙarshe, a Rio a 2016. Dukansu akwai ranar da ba su iya ko riƙe katakon bugu ba.

To, me za mu yi? Ga shawarwari biyar.

Na ɗaya, a raba teburi da agogo. Kowane mutum biyu su sami minti goma, ko sun ci ko an cinye su. A rubuta sunaye a allo, don kada mai kunya ya rasa layinsa.

Na biyu, a keɓe rabin awa na farko ga masu koyo, ba tare da gasa ba. Gwani ya miƙo ƙwallo a hankali, su biyu su ƙirga sau nawa za su haye raga kafin ya faɗi. Yau biyar, mako mai zuwa ashirin. Yaron zai koma gida da labari.

Na uku, kada a cika wa baƙo kunne da dokoki. Uku sun isa ranar fari: mai farawa ya jefa ƙwallo sama daga buɗaɗɗen tafin hannu, ya buga shi ya taɓa gefensa sa'an nan gefen abokinsa, a bar ƙwallo ya taɓa tebur sau ɗaya kafin a mayar, kowa ya fara sau biyu, sai a juya.

Na huɗu, a yi wasan bibbiyu, a haɗa gwani da mai koyo. Doka ta ce abokan wasa su riƙa buga ƙwallo bi da bi, saboda haka gwani ba shi da hanyar kwashe wasan shi kaɗai. In kuwa ɗaya da ɗaya ne, a ba mai koyo ci shida kyauta tun farko.

Na biyar, a ajiye katakan bugu da ƙwallaye na kowa da kowa, domin kada rashin kuɗi ya hana wani. A hana caca a bakin teburi, gama inda aka sa kuɗi ba mai haƙuri da mai koyo. A kuma sa rana domin 'yan mata da iyaye mata, da mace mai lura da su.

Iyaye, mu ma da namu aiki. Mu tambayi ɗanmu gwani, "Wa ka koya wa yau?" ba "Mutum nawa ka cinye?" kaɗai ba. Mu kuma leƙa wurin wasan da kanmu, mu ga wanda yake tsaye a bango.

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. In baƙo ya shigo, wani ya tashi ya gaishe shi, ya tambayi sunansa, ya sa masa katako a hannu. Wannan ba ya cin ko kwabo, amma shi ne zai sa yaron nan ya dawo gobe.