Sammacin da Bai Iso Ba: Yadda Sauya Gida Ke Kashe Ƙara a Rafin Guza

Da yawa daga masu kai ƙara kotun shari'a ko ta majistare daga Rafin Guza ba su da lauya. Matar da ke neman kuɗin ciyar da 'ya'yanta, birkilan da aka hana shi ladan aikinsa, kowa da bakinsa yake tsayawa. Ranar shigar da ƙara rajistara ya tambayi adireshi, a ce masa bayan masallaci, gida mai jar ƙofa. Da wannan kwatancen kotu za ta riƙa neman mutum har a gama shari'a.

To amma zama a unguwar ba shi da tabbas. Tana bakin kogin Kaduna, in damina ta yi nauyi ambaliya kan tashi mutane daga gidajensu. Ga masu haya da ƙarin kuɗi ke kora zuwa Kawo ko Rigasa. Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce matar da aurenta ya mutu, domin rigimar da ta kai ta kotu ita ce ta raba ta da gidan da ta rubuta a takarda.

Muddin alƙali na faɗin ranar dawowa a gaban kowa, babu matsala. Tana tasowa ne ranar da kotu ba ta zauna ba: an yi wa alƙali canjin wurin aiki, ko an shiga yajin aiki, kamar wanda ma'aikatan kotuna suka yi daga Afrilu zuwa Yuni na 2021, aka rufe kotunan Najeriya sama da wata biyu. Sabuwar rana sai da takarda. Masinjan kotu ya je ya tarar da baƙuwar fuska, ko ya miƙa wa maƙwabci. A kira ƙara sau biyu, sau uku, shiru, sai a ɗauka mai ita ya haƙura.

Kotu na da hujjarta. Ƙararraki sun yi mata yawa, kuma wanda ake ƙara ba zai yi ta barin sana'arsa yana zuwa zaman jiran wanda ba ya nan ba. Sai dai lauya na da ofis tsayayye da yaron da ke leƙa rajista. Mai tsaya wa kansa sau da yawa ba a ma taɓa gaya masa cewa sanar da sabon gida wajibinsa ba ne.

In cire ƙarar kawai aka yi daga jerin shari'u, ana iya roƙon a maido ta, da sabon kashe kuɗi. In kuwa wa'adin da doka ta ɗibar wa irin wannan ƙara ya ƙare kafin a farga, haƙƙin na iya tafiya ke nan. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa damar a saurare shi, Kotun Ƙoli ma ta sha rushe hukuncin da aka yanke ba tare da sanarwa ta isa ga mai shari'a ba, amma cin moriyar wannan sai an sake roƙon kotun ko an ɗaukaka ƙara. Hukumar ba da agajin lauya kyauta da aka kafa a 1976 ba ta da lauyoyin da za su wadaci kowa.

A ganina gyaran ba shi da tsada. Mutum kan sauya gida bai sauya lambar waya ba, mai unguwa kuma yakan san inda mutanensa suka koma. Rajistara ya karɓi lambobi biyu, ya yi gargaɗin sanar da sauya gida da Hausa tun ranar farko, alƙali kuma kada ya kori ƙara sai ya ga shaidar an kira mai ita a waya.