Wankin Hoto Baƙi da Fari a Ƙasar Duwatsu

A tsakiyar shekarun 1950, sa'ad da labarin zane-zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu ya kai kunnen Bernard Fagg, Baturen nan mai binciken kayan tarihi wanda ya kafa gidan ajiye kayan tarihi na Jos a 1952, ya zo ya dudduba Dutsen Mesa da Dutsen Habude da sauransu, ya ga surorin shanu marasa tozo waɗanda mutanen da suka riga mu da ƙarnoni suka zana, ya kuma saurari duwatsun nan masu amo waɗanda ake bugawa su yi ƙara kamar ƙarfe, abin da ya isar da wannan al'amari ga malaman duniya, bayan alƙalaminsa, shi ne hoto baƙi da fari. A wancan zamani hanyar da aka saba samun hoto ita ce a ɗauka a fim, a shiga duhu a wanke. Yau kuwa, da kowane saurayi a kasuwar Sara ko tashar Gwaram yake da waya mai ɗaukar hoto ɗari kafin a idar da sallar Azahar, wannan sana'a ta zama abin sha'awa da mutum zai yi a gidansa don nishaɗi, kuma ina ganin ta cancanci a bayyana ta, domin ba ta da wuyar da ake zato.

Asalin hikimar tsohuwa ce, kuma Musulmi suna da babban rabo a cikinta. Alhasan ɗan Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana cikin Kitabul Manaziri yadda haske ke tafiya a miƙe, da yadda idan ya ratsa ƙaramar huda ya shiga ɗaki mai duhu yakan jefa surar abin da ke waje a jikin bango, amma a kife. Abin da ya gagari mutane shekaru ɗari takwas bayansa shi ne kama wannan sura don kada ta gushe, sai a 1839 aka bayyana dabarar Daguerre a Faransa, Talbot a Ingila kuma ya fito da hanyar dodon hoto, wadda daga guda ɗaya ake fitar da hotuna iyakar bukata. Game da hukuncin ɗaukar hoto a shari'a kuwa, malamai sun yi saɓani kamar yadda aka sani, amma Shaihu Muhammadu Bakhit al-Muti'i, wanda ya riƙe muƙamin Muftin Masar, ya wallafa risala yana halatta shi, bisa hujjar cewa tsare inuwa ne kawai, ba ƙaga sura ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da ɗaukar mai rai ba, ga duwatsu da kukoki da rumbuna da masallatai sun ishe shi aiki.

Shi fim ba kome ba ne illa siririyar leda wadda aka shafa wa wani irin danƙo da ake dafowa daga ƙashi da fatar dabbobi, aka barbaɗa ƙwayoyin gishirin azurfa a cikinsa, ƙanana ƙwarai har ido ba ya ganinsu. Idan aka latsa kyamara haske ya faɗa musu, ko da na ƙiftawar ido ne, sai waɗanda ya taɓa su sami wani canji ɓoyayye, wanda ba zai bayyana ba sai an jiƙa fim ɗin a ruwan magani na farko, shi ne mai mayar da ƙwayoyin da suka ga haske su zama baƙar azurfa, ya bar sauran yadda suke. Saboda haka ne a jikin dodo farar riga take fitowa baƙa, baƙar fuska ta fito fara.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai kyamara, kuma tsofaffin nan irin su Pentax K1000 da Yashica da Zenit, waɗanda watakila wata tana kwance a ƙasan adakar wani dattijo, sun fi dacewa, tun da ana ganin kome a fili ana juya shi da hannu. Akwai fim, wanda mafi shahara su ne Tri-X na kamfanin Kodak, da ya fito a naɗe tun 1954, da HP5 na kamfanin Ilford, kowane naɗi yana ɗaukar hoto 24 ko 36. Sai ɗan tanki mai murfi wanda ruwa ke shiga amma haske ba ya shiga, da faifan da ake naɗe fim a kai, da ma'aunin zafi, da kofin awo, da agogo, da magunguna biyu. Fim da magani dai sai an yi saƙo daga Legas ko ƙasashen waje, kuma nan ne tsadar take. Amma wutar lantarki, wadda ita ce ke karya yawancin sana'o'inmu, ba a bukatarta ko kaɗan wajen wanki, hasali ma daren da aka ɗauke wuta kuma babu farin wata shi ne daren mai wannan aiki.

Duhu ana bukatarsa ne sau ɗaya tak, wato lokacin da za a ciro fim daga gwangwaninsa a naɗa a faifai a rufe cikin tanki, amma fa duhu na haƙiƙa, wanda mutum zai zauna minti biyar a ciki ya ɗaga tafinsa bai gan shi ba. Jar fitilar nan da ake gani a majigi ta wankin takardar hoto ce, ba ta fim ba. Fim na yau yana ganin ja kamar yadda yake ganin kowane launi, in an kunna ta an ƙona shi. A nan tsohon ɗakin soro na ƙasa ya fi ɗakin kwano, don kwano ba ya rasa hudar ƙusa, kuma gumin da yake jawowa yakan jiƙa yatsu, fim kuwa da ya ji danshi sai ya cije a faifai ya ƙi gaba ya ƙi baya. Mai hankali yakan sadaukar da naɗi guda, ya yi ta gwadawa da rana ido buɗe, sa'an nan ido rufe, har hannunsa ya haddace.

Da an rufe tanki sai a fito sarari. A zuba magani na farko a duba agogo, a riƙa kifa tankin a hankali ana tayarwa na daƙiƙa goma a farkon kowane minti, a ɗan buga gindinsa a ƙasa don kumfa ta saki fim. HP5 a cikin maganin ID-11 wanda ba a sirka ba yana son minti bakwai da rabi, in an sirka shi da ruwa daidai wa daida kuma minti goma sha uku. Lokaci na cika a juye, a ɗauraye da ruwa, a zuba magani na biyu wanda ake kira haifo, shi ne mai narkar da gishirin da bai ga haske ba don surar ta tabbata; bayan kamar minti biyar an gama, ana iya buɗe murfi.

To, amma duk waɗannan mintoci an ƙayyade su ne bisa sharaɗin ruwan yana kan awo 20 na ma'aunin zafi, kuma a nan ne mutumin Birnin Kudu ko Gwaram zai gane cewa littattafan wannan fanni an rubuta su ne a ƙasashen sanyi. A watan Afrilu, sa'ad da zafin rana ke haura 40, duwatsu kuma suna mayar da hucin da suka sha har bayan Isha'i, ruwan jarka yakan yi ɗumin da zai sa magani ya yi gaggawa, hoto ya fito da kaushi, fari ya toshe, wani lokaci ma danƙon ya yi laushi har farce ya kwashe shi. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce a rage kusan ushirin lokacin a kan kowane awo guda da ya ƙaru, sai dai in lokacin ya gaza minti biyar wankin ba ya yin daidai, wani gefe ya fi wani. Mafita ita ce randa, wadda ke sanyaya ruwa ta hanyar tsatsafowa, da ƙanƙarar 'yan kasuwa: a sa kwalaben magani cikin roba mai ruwa, a riƙa jefa ƙanƙara kaɗan kaɗan ana duba ma'auni, kuma a kula dukkan ruwaye, har na ɗauraya, su kasance kusa da juna, domin fitowa daga sanyi zuwa ɗumi farat ɗaya yakan sa fuskar fim ta tsattsage kamar bakin tafki a bazara. Lokacin hunturu da asuba ruwan randa yakan sauko da kansa kusa da abin da ake so, amma sai ga ƙura, wadda in ta sauka a kan jiƙaƙƙen fim ta zauna ke nan har abada. Don haka a yayyafa ruwa a ɗaki, a jira ƙura ta kwanta, a rataye fim da maƙalin shanya sama da ƙasa, a ja ƙofa, a haƙura da leƙe sai ya bushe. Ɗaurayar ƙarshe kuma a yi ta da tataccen ruwa, don na rijiya da na burtsatse sukan bar tabo.

Ɗauka ita ma tana da nata ilmi, kuma ranarmu ba ta da sassauci. Dattijo baƙi cikin farar babbar riga da rawani, a tsakar rana, shi ne jarrabawa mafi tsanani ga mai kyamara, gama in ya bi hasken riga fuska ta nutse, in ya bi fuska aikin wuyan riga ya ɓace. Abin yi shi ne a jawo shi inuwar zaure ko gindin darbejiya, a auna haske a kan fuskar, a ɗan rage lokacin wanki. Wanda ya nufi zanen duwatsu kuma, bayan ya nemi izinin masu kula da wurin, ya sani cewa jan zane da tokar dutse suna iya fitowa launi ɗaya a baƙi da fari, saniyar ta ɓace ɗungum, sai in ya ɗaura koren gilashi ko shuɗi a bakin kyamara, wanda zai duhunta jan ya raba shi da dutsen. Hantsi da La'asar sakaliya, lokacin da haske ke zuwa a karkace, su ne ke fito da ƙirar dutse da zanen bangon gida.

Fitar da hoto a takarda babi ne mai zaman kansa, mai bukatar na'urar faɗaɗawa da jar fitilar da aka ambata, kuma yawancin masu sha'awar yau sukan ɗora dodo a kan farin haske su ɗauke shi da waya su juya launinsa. Ban ga laifin haka ba, muddin an adana dodon. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, da Malick Sidibé, wanda aka ba babbar lambar yabo a Banis ta Italiya a 2007, duniya ba ta san darajarsu ba sai bayan shekaru masu yawa, kuma abin da ya sa aka iya saninta shi ne sun tattala dodanninsu dubbai cikin akwatuna. Hotunan waya kuwa, kowa ya san wanda nasa suka tafi tare da wayar ranar da ta faɗa ruwa ko aka zare ta a kasuwa. A yanka fim shida shida, a sa cikin ambulan mai tsabta, a rubuta wuri da kwanan wata da sunan wanda aka ɗauka, a ajiye nesa da gara da danshin damina.

Haifon da ya gama aiki yana ɗauke da narkakkiyar azurfa, saboda haka ba a zubar da shi kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha, ba a kuma ɗura magani a gorar lemo inda yaro zai gani ya ɗauka. Kofin awo da mazurari su zama na wannan aiki kaɗai, a yi musu alama, kada su koma madafa.