Yadda ake ɗaura injin kwalekwale daidai domin kauce wa haɗari

Duk matafiyin da ya bar Kontagora ya nufi Agwara ta hanyar Yawuri, sai ya tsallaka kogin Neja daga Zamare zuwa Rofiya. A wannan mashigi da sauran tashoshin tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a shekarar 1968, yawancin kwalekwalen fito da inji suke tafiya. Sai dai lafiyar inji kaɗai ba ta wadatar ba, domin yadda aka ɗaura shi ma yana iya zama sanadin tsira ko halaka.

Abin da ake fara dubawa shi ne katakon da ke tsaye a bayan jirgi, wanda shi ke ɗaukar nauyin inji da turin farfela. Inji mai ƙarfin doki 40 yakan kai kimanin kilo 70. Idan katakon ya ruɓe ko ya tsage, dole a sauya shi kafin a ɗora komai, kuma kada ƙarfin inji ya zarce girman jirgin.

Na biyu shi ne tsayi. Ƙafar inji iri biyu ce aka fi sani: gajera mai inci 15 da doguwa mai inci 20. Ana auna katakon daga samansa zuwa gindin jirgi, sannan a zaɓi wadda ta dace. Ƙa'idar ita ce faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela ya yi daidai da gindin jirgi, ko ya sauka ƙasa da shi da abin da bai wuce inci 1 ba.

Idan inji ya yi sama da yawa, farfela takan shaƙi iska ta riƙa juyawa a banza, ƙofar da ke zuƙo ruwan sanyaya inji kuma ta fito fili, inji ya yi zafi ya mutu a tsakiyar gulbi. Idan kuma ya nutse da yawa, yakan sha mai, ya rage gudu, ya kuma fi saurin karo da yashi ko kututturan itatuwan da tafkin ya rufe.

Na uku, a ɗora injin a tsakiyar katakon daidai, domin wanda ya karkata gefe guda yana jan jirgi zuwa gefe. Daga nan sai a murɗa kusoshin matsewa guda biyu har su kama sosai. Manyan injuna na bukatar a huda katakon a ƙara noti, a kuma toshe hudar don kada ruwa ya shiga. Wajibi ne a ɗaure injin da igiya mai ƙwari ko sarƙa a jikin jirgi, saboda girgiza tana kwance kusoshi sannu a hankali.

Akwai kuma sandar ƙarfe da ke daidaita jinginar inji. Idan ƙafar ta nisanci jirgi da yawa, goshinsa yakan ɗaga sama. Idan ta matso ciki da yawa, sai goshin ya riƙa nutso cikin ruwa, abin da ke da haɗari ga jirgin da ya ɗauki kaya.

Kafin tashi, matuƙi ya tabbatar ruwa yana tsartuwa daga bututun bayan inji, ya kuma sake taɓa kusoshin bayan ɗan tafiya. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, ta sha gargaɗin matuƙa kan lodi fiye da ƙima, tafiyar dare da rashin sanya rigar kariya, domin ko an ɗaura inji daidai, ba zai ceci jirgin da aka cika maƙil ba.