Ko Ka Sani? Dalilin Dogon Bututun Bindigar Toka

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindigar sarki ranar hawan sallah ya ga yadda ake ɗura bindigar toka. Mutum zai kafa gindinta a ƙasa, ya zuba albarushi ta baki, ya cusa tsumma, ya sa siririyar sanda ya yi ta dannawa har ya ji ya zauna. Bakin bindigar kuwa yana kai masa ƙirji, wani ma har haɓa. Wannan doguwar ƙira ta bakin teku ta shigo mana, shi ya sa har yau a Turance ake kiranta bindigar Denmak, saboda fataken ƙasar da suka yi cinikinta daga sansaninsu na Akra. In ka tambayi mutane amfanin tsawon, yawanci za su ce don harsashi ya miƙe ne. Da ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba ta inda suke zato ba.

Mu fara da albarushi. Ba ya ƙonewa farat ɗaya. Ƙwayoyinsa suna cin wuta ne daga waje zuwa ciki, iskar da suke fitarwa tana ingiza dalma muddin tana cikin bututu. Da ta leƙo waje, ingizawa ta ƙare. In bututun gajere ne, dalma za ta fice alhali da sauran ƙarfi a bayanta, sai ya tashi a banza, ya zama ƙara da harshen wuta. Dogon bututu yana ba albarushi damar gama aikinsa, musamman irin na da mai manyan ƙwayoyi. Sai dai ribar tana raguwa: incin farko-farko su ne masu ƙara gudu sosai, na ƙarshe kaɗan suke ƙarawa, nauyinsu kuma yana nan a hannunka.

Batun saiti shi ne ya fi burge ni, domin lissafi ne da kowa zai iya yi. A saman bututu akwai alamun saiti biyu, ɗaya kusa da ido, ɗaya a can baki. A ce tazararsu mita 1 ce, idonka ya kuskure daidaita su da milimita 1. In abin harbi yana nisan mita 100, dalma za ta kauce da santimita 10. Rage tazarar ta koma rabin mita, wannan ɗan kuskuren dai zai zama santimita 20. Ka ga ashe idon maharbi tsawon yake yi wa rangwame. Ga kuma nauyin gaba, wanda ke hana bakin bindiga rawa idan mutum yana harbi a tsaye.

Abin da ke miƙar da dalmar kanta daban ne. Bindigarmu ta toka cikinta sumul yake. Akwai kuma wadda ake yi wa tsaga-tsaga a murɗe a cikin bututu, ta yadda dalma za ta fito tana juyi kamar katantanwar yara, juyin nan ya hana ta karkata. Maharban Jamus sun daɗe da irin wannan, kuma tasu gajeriya ce mai kauri, bututunta bai cika wuce inci 30 ba, amma tana samun abin da aka auna.

Da maƙeran Jamus suka yi ƙaura zuwa Amurka, suka zauna a yankin Lankasta na Fensilbaniya a farkon shekarun 1700, sai ƙirar ta sauya a hannunsu. Suka tsuke ramin bututu, suka miƙe shi ya kai inci 40 zuwa 44, wani lokaci fiye. Ita ce daga baya ta yi suna da bindigar Kentaki. Maharbin da zai yi makonni a daji da ƙafa yana son abin da zai yi masa tattali: ƙaramar dalma, albarushi kaɗan, harbi ɗaya mai kyau. Gwanayen maƙeran har wata dabara suke yi, su bar bututu da kauri a gindi, ya sirance a tsakiya, ya ɗan sake buɗewa a baki. Ka gan ta zanƙaleliya ka ɗauka za ta rinjaye ka, ka ɗaga ka ji ta zauna daram a kafaɗa. A ganina nan ne basirar maƙerin take.

Sannan mutane suka nausa yammacin Amurka, inda fili yake fetal, namun dajin manya, tafiya kuma a kan doki. Doguwar bindiga ta zama kaya. Wa da ƙani, Jacob da Samuel Hawken, da suka yi ƙira a birnin Sent Luwis tun daga shekarun 1820, suka yi fice da bindiga mai faɗin rami da kaurin bututu, tsawonsa wajen inci 33 zuwa 36, wadda za a gicciya a gaban sirdi.

Su sojoji dalilinsu dabam. Tsohuwar bindigar sojan Ingila, Brown Bess, bututunta inci 46 ne, daga baya aka rage zuwa 42, sannan 39. A lokacin suna harbi ne sahu-sahu, don haka dole bakin bindigar na baya ya wuce kan na gaba, kuma in aka ɗaura mata wuƙa ta zama mashin tare mahaya.

Har gobe a jihohin Amurka da dama ana ware wa masu bindigar da ake ɗurawa ta baki lokacin farautarsu, kuma mai saye yana fuskantar tambayar tsawon bututu. Wanda zai kutsa kurmi ko ya hau bishiya ya jira barewa, gajeriya ta fi masa. Bindigogin zamani masu madubin hange bututunsu inci 24 zuwa 28 ne, tunda madubi ya kawar da buƙatar tazarar saiti. Mai harbin gasa a tsaye da saitin ƙarfe zalla, doguwa yake nema. Tsayin mutum ma yana da ta cewa, don wanda bakin bindiga ya zarce masa haɓa zai sha wuya wajen ɗuri.

Ɗurin nan kuwa ba abin wasa ba ne. Kusan rabin albarushi ba ya zama iska, hayaƙi da dauɗa yake komawa, dauɗar kuma ta manne a cikin bututu. Bayan harbi uku ko huɗu ba gogewa, dalma takan fara cijewa a hanya, kuma dogon bututu ya fi ba ta wurin maƙalewa. In ta tsaya a tsakiya, aka bar sarari tsakaninta da albarushi, aka ja kunama, bututu na iya kumbura ko ya tsage a hannun mai shi, balle wanda aka yi da bututun ruwa. Don haka masu hankali suke yi wa sandar ɗuri zane a daidai inda take tsayawa in ɗuri ya zauna. In suka danna suka ga zanen bai sauko daidai bakin bututu ba, ba sa kai yatsa ga kunama.